Battar Aliero da Kwallar Maiyama: Yaushe Shiru Ke Zama Ha'inci?

Mai karatu, a wannan watan ka yi mini afuwa, ban zo maka da sharhin wani fim ba, duk da cewa fim ne ya jefa ni cikin maganar da zan yi. Wani abokina darakta ne ke shirin ɗaukar fim wanda labarinsa ya faru a shekarun 1960, kuma akwai fitowa da dama da za a yi a ɗakin amarya. To ka san ɗakin amaryar wancan zamani ba ya cika sai da jere: kwalla a kan kwalla, samira, langa, fanteka, ga farantai manne a bango har kusa da rufi. Ni kuwa na daɗe ina caccakar 'yan fim ɗinmu a wannan shafi a kan sakaci da kayan aiki, inda za a ce maka wai zamanin Sardauna ne, amma ga kujerar roba a tsakar gida, ga kular abinci a gaban mai gida. Sai abokin nawa ya ce, "To malam mai sharhi, tunda bakinka ya iya, bari mu ga ƙafarka. Dangin mahaifiyarka ba a Kebbi suke ba? Je ka nemo mana na gaske." Haka na kama hanya, na yi kwana tara tsakanin Jega, Aliero da Maiyama. Kwano na je nema, amma abin da na dawo da shi ya fi kwano nauyi a zuciyata.

A Jega na fara sauka, domin nan ne mahaɗa: hanyar Birnin Kebbi da ta Sakkwato da ta Yawuri duk a nan suke gamuwa, kuma kasuwar garin tsohuwa ce, tun ƙarni na 19 fataken goro masu zuwa Gwanja suka san ta. A can aka haɗa ni da wani dattijo da ya haura shekara arba'in yana saye da sayar da tsofaffin kaya, su tasoshin tagulla, akusa, takubba, likkafu da kwanuka. Kwana biyu na yi ina zama a rumfarsa, kuma wallahi na ƙaru fiye da wasu darussan da na zauna wa a foliteknik.

Shi wannan kwano da muke kira kwalla ko samira, ƙarfe ne aka lulluɓe da garin gilas mai launi, aka gasa a wuta mai tsanani har ya narke ya manne. Turawa na kiran wannan shafe inamel, ni kuwa zan riƙa ce masa gasasshen fenti. Da farko daga Turai ake kawo mana shi, ciki har da ƙasar Cekoslobakiya, daga baya na Hong Kong ya cika kasuwa, sannan aka soma yin sa a gida: an kafa kamfanin Nigerian Enamelware a Legas a 1960, a Kano ma 'yan kasuwar Hong Kong sun kafa masana'anta a cikin shekarun 1960. Ke nan kwanon da ke ɗakin kakarka yana iya zama ɗan Turai, ɗan Asiya ko ɗan gida, kuma kowanne da zamaninsa.

Na tambayi dattijon yadda yake gane tsoho. Na ɗauka zai kifa kwanon ya nuna mini tambari. Sai ya ce, "Yaro, tambari shi an na ƙarshe. Hannu aka fara tambaya, sannan kunne, sannan ido." Ya miƙo mini kwalla biyu masu zane kusan iri ɗaya. Ɗaya ta rinjayi hannuna, ɗayar kuwa kamar gwangwanin madara. Ya ƙwanƙwasa su da zobensa: mai nauyin ta yi amo mai tsawo, ɗayar ta yi ƙwas ta yi shiru. Sannan ya nuna mini inda fentin ya ɓantare. A tsohon kwano, in ji shi, ɓantarewa tana inda rayuwa ke taɓawa: a baki inda marfi ke bugu, a gindi inda ake direwa, a gefen da ludayi ke goga. Tsatsar wurin baƙa ce, ta zauna, ta yi santsi saboda wanki na shekaru. Wanda aka tsufar da gangan kuwa, za ka ga rauni a tsakiyar ciki ko a wani lungu da babu dalilin da zai sa ya bugu, tsatsarsa ja ce ɗanya, in ka murza ta biyo yatsa. Sai a ƙarshe ya kifa ta, ga rubutu: Made in Czechoslovakia. Na ce masa ai wannan ƙasa ta rabu biyu tun farkon 1993, don haka duk kwanon da ke da wannan suna ya girme ni. Ya yi dariya ya ce rubutu ai ko jiya ana iya buga shi, nauyin ƙarfe ne ba a iya ƙarya da shi, domin mai yin jabu riba yake nema, ba zai kashe kuɗin ƙarfe ba.

Da wannan ɗan guntun ilimi na shiga Aliero, garin albasa da masu ɗori, inda wani da muka yi makaranta tare yake. Kafin in isa labari ya riga ni, wai ga wani "masanin kayan tarihi" ya zo daga Kano. Ka ji yadda ake naɗa mutum sarautar da bai nema ba! Da dare abokin nawa ya ja ni gefe, ya ciro wani abu daga cikin tsumma. Wata 'yar kwalba ce da ba ta cika tafin hannu ba, fara, an zana mata furanni da tsuntsaye biyu, marfinta na da ɗan mitsitsin cokali a maƙale, a gindinta kuma akwai haruffan Sinanci guda huɗu da shuɗin launi. Battar tabar kakansa ce. Tsohon ya sayo ta a Makka lokacin da ya je aikin Hajji a shekarun 1970, ya yi ta zuba garin tabarsa a ciki har ya rasu, ta dawo hannun mahaifin abokina, wanda shi ba ya shan taba amma ba ya rabuwa da ita.

Abin da ya tayar da hankalin abokina shi ne wani labari da ya gani a intanet, kuma labarin gaskiya ne: a 2011 an yi gwanjon wata 'yar kwalbar taba mai gasasshen fenti a Hong Kong, daga cikin tarin wasu mata da miji, Mary da George Bloch, aka saye ta a kan fiye da dalar Hong Kong miliyan 25, wato sama da dalar Amurka miliyan 3. Ya kwatanta haruffan gindin tasu da na hotunan da ya gani, ya ga iri ɗaya ne. Tun daga ranar barci ya ƙaurace masa. Har ya samu wani a waya da ya yi masa alkawarin takardar shaida da mai saye daga waje, in ya turo kuɗin rajista. Kuɗin kuwa ba shi da su, sai dai in ya lallashi mahaifinsa su fasa rumbun albasar da suka ajiye suna jiran farashi ya tashi. Abincin gidan na shekara ke nan ake shirin ɗorawa a kan haruffa huɗu da babu wanda ya iya karanta su a cikinmu.

Na roƙe shi kwana biyu. Na zauna na karanta duk abin da na iya samu, kuma bari in ɗan gutsura maka, domin labarin kwalaben nan da daɗi. Turawa ne suka kai wa mutanen Sin garin tabar shaƙa, su kuwa suka ɗauke ta a matsayin magani na mura da ciwon kai. Akwatin da Bature ke zuba tasa bai dace da danshin ƙasarsu ba, sai suka koma zuba ta a 'yan kwalaben magani masu matsattsen baki, suka haɗa da cokali. A zamanin daular Qing abin ya zama ado na sarakai da fadawa. Sarki Kangxi ya kafa ma'aikatar gilas a fada a 1696 a ƙarƙashin wani limamin Kirista Bajamushe, Kilian Stumpf, kuma a zamanin jikansa Qianlong, wanda ya yi mulki daga 1736 zuwa 1795, aikin gasasshen fenti a kan tagulla da gilas ya kai maƙura. Haruffa huɗun nan da ke gindin battar Aliero cewa suke an yi ta a zamanin Qianlong.

To amma abin da ya ba ni mamaki shi ne, masanan London da Hong Kong maganar dattijon Jega suke maimaitawa da Turanci. Su ma tambari ne na ƙarshe a wurinsu, domin an yi ta kwaikwayon sunan Qianlong a gindin kaya tun ƙarni na 19 har zuwa yau, wani don yaudara, wani don girmama zamanin kawai. Abin da suke dubawa shi ne aikin kansa. Na fada da buroshi mai gashi kaɗan aka zana shi, layi bayan layi, aka gasa a ƙaramar tanda ta gawayi sau da yawa, shi ya sa in ka sa madubin ƙara girma za ka ga 'yan ramuka da ƙananan kumfa a jikin fentin. Suna duba gogewa: wadda hannu da aljihu suka yi tana kan tudun zane da baki da gindi, kuma ƙarce-ƙarcenta sun nufi ko'ina, wadda aka yi da samfefa kuwa layukanta gefe guda suke bi, har cikin kwarin da yatsa ba ya kaiwa. Suna duba launi, domin akwai launukan da ba a san su a Sin ba sai a wani lokaci, misali ruwan hoda da ake samu daga zinariya, wanda ya bazu a wajajen 1720. Sannan suna tambayar salsala: daga hannun wa zuwa hannun wa?

Duk da haka ana cin su. Akwai wani gwani a Beijing mai suna Ye Bengqi, ɗan gidan masu zanen kwalabe, wanda a farkon rabin ƙarni na 20 ya yi ta ƙera kwalaben gilas masu gasasshen fenti da tambarin Qianlong, suka shiga hannun manyan masu tara kaya a matsayin na fada. Sai a 1974, da wani masani ɗan Ingila, Hugh Moss, ya je ya yi hira da shi, tsohon ya amsa cewa wasu daga cikin waɗanda ake ta yabo aikin hannunsa ne. Abin dariyar, yau ana sayen aikin Ye Bengqi da sunansa, da tsada kuma. Kwalbar ba ta sauya ba ko da ƙwayar zarra, sunan da ake kiran ta da shi ne ya sauya.

Wannan labari ya sa na ji tsoron yanke hukunci, ni da ilimina bai wuce na kwana huɗu ba. Sai dai jabun gwani ne ke da wuyar ganewa, tsarabar kasuwa ba ta da wuya. Na ɗauki hoton battar da waya na ƙara girmansa: furannin ɗige-ɗige ne a jere, irin na hoton kalanda, alamar bugu aka yi da inji. Tsuntsayen gaba da na baya iri ɗaya ne sak, har da wani ɗan kuskure a fiffike. A gefe kuma ga siririn layi daga wuya zuwa gindi, inda aka haɗa ɓari biyu na mazubi. Gogewar jikinta kuwa ta gaske ce: zinariyar bakinta ta suɗe daidai inda babban yatsa ke turawa, cikinta ya rine da taba har ƙamshin bai fita ba. Shekara hamsin ɗin ta gaskiya ce, ɗari biyu da hamsin ɗin ce ƙarya.

Na gaya masa, ban ɓoye komai ba, har na ce mutumin wayar nan ɗan damfara ne. Ya yi shiru, sannan ya ce mini abin da ake ce wa duk mai kawo irin wannan labari, wai baƙin ciki nake yi. Da ya huce kuma sai ya zo da wadda ta fi muni: "To ka rufa mini asiri. Akwai wani Alhaji a Birnin Kebbi da ya nuna sha'awa. Shi bai san abin da ka sani ba." Ka lura da abin da ya faru a nan, mai karatu. Shekaranjiya, in da ya sayar da battar a matsayin ta Sarkin Sin, kuskure ya yi, domin ya yarda da abin da yake faɗa. Yau in ya sayar da ita da wannan suna, ha'inci ya yi. Batta ɗaya, magana ɗaya, mai saye ɗaya. Abin da ya shiga tsakani kawai shi ne sani, kuma ni na ɗora masa shi. Na ce masa ba zan bi gari ina shela ba, amma duk wanda ya tambaye ni zan faɗa masa abin da na gani. Mahaifinsa kuwa, da maganar ta kai kunnensa, ko a jikinsa. Cewa ya yi, "Ni ban taɓa cewa ta Sarkin Sin ta ba. Ta Alhaji ta." Ya karɓi abarsa ya mayar aljihu. Albasa ta tsira.

Na bar Aliero ina jin kaina wani gwarzon gaskiya. A mota har ina tsara yadda zan rubuta wannan maƙala, in kawo misalin fim ɗin Orson Welles na 1973, F for Fake, a kan Elmyr de Hory mai zanen jabu, in ce mu 'yan fim ma sana'armu ƙarya ce amma halastacciya, domin mai kallo ya san takobin katako ne, jinin kuma kala ce, da yardarsa aka ruɗe shi. In ce laifin masu wankiyar finafinan Indiya bai tsaya ga aron labari ba, domin Magana Jari Ce ma cike take da labaran da Abubakar Imam ya ɗebo daga Larabawa da Turawa ya yi musu riga da wando na Hausa. Laifin yana wurin da mutum zai rubuta "labari da tsarawa" ya sa sunansa, ya bar mai kallo cikin duhu. Duk wannan na yarda da shi har gobe. Amma maganar ta zo mini da sauƙi ne don ba a taɓa aljihuna ba tukuna.

A Maiyama, a kan hanyar Koko, aka taɓa shi. Wata 'yar'uwar mahaifiyata ta kai ni gidan wata tsohuwa maƙwabciyarta. Aka jawo wani buhu daga ƙarƙashin gado, aka zazzage. Kwalla shida, manya da ƙanana, kowacce da marfinta, ja da shuɗi da ruwan ƙwai, launin bai dushe ba saboda sun fi shekara talatin ba su ga rana ba. Na ɗaga ɗaya, ta rinjayi hannuna. Na ƙwanƙwasa, amon ya yi tsawo. Na kifa, ga sunan ƙasar nan da ta rabu biyu. Tsohuwar ta ce, "Da su anka kai ni ɗaki, tun ba a yi yaƙin Ojukwu ba." Wato kafin 1967 ke nan. Komai ya dace da komai: hannu, kunne, ido, tambari da salsala. Ko dattijon Jega ba shi da irinsu cikakku haka.

Jikokinta, in ji ta, dariya suke yi mata, sun ce kayan ƙauye ne. Ita abin da take so kula ce ta zamani mai riƙe zafi, guda biyu, don ta riƙa aika wa surukinta abinci ba tare da jin kunya ba. Kula biyu! Ni kuwa na san abin da dattijon Jega ya yi mini kuɗin kwalla ɗaya tilo mai ɓantaren marfi, na kuma san masu ƙawata otal da gidajen abinci na gargajiya a Kano da Abuja suna neman irinsu. Kuɗin da darakta ya ba ni kaɗan ne. Ka tuna bokan nan na labarin Alauddin da ya bi titi yana shelar a kawo tsohuwar fitila a karɓi sabuwa? Shi ma fa bai yi ƙarya ba, sabuwar fitilar yake bayarwa da gaske. Ga ni tsaye a matsayinsa, kuma bakina da ya yi ta zuba a Aliero ya yi nauyi kamar an ɗaure shi da dutse. Sai tsohuwar ta dube ni ta ce, "Ɗana, kai ka san birni. Mi ya kamata in amsa?"

Na ce mata zan dawo gobe. Ban ce komai ba bayan wannan, kuma ina so mai karatu ya san cewa a daren nan niyyata in sayo kula biyu ce, masu kyau dai, don zuciyata ta samu abin faɗa.

Na koma Jega na kwana, da safe na ba dattijon labari. Shi bai ga abin damuwa ba, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce. Ya ce shekara arba'in ya yi yana asara kafin hannunsa ya koyi nauyin ƙarfe, an sha sayar masa da jabu, babu wanda ya mayar masa da ko kwabo. In duk abin da ya gani zai tsaya ya yi wa mai shi bayanin darajarsa, to me ya koya, kuma da me zai ci abinci? Likita ma ai saninsa yake sayarwa. Ita ta faɗi abin da take so, kai ka biya, an yi shaida, ciniki ya faɗa. Ban da haka, in ji shi, kwallar da ke ƙarƙashin gado ba ta da wannan daraja sai a hannun wanda ya san inda zai kai ta. Darajar rabinta a ƙarfe take, rabinta a kan mai sani.

Wannan gardama ta girmi kasuwar Jega. Sisero, marubucin Rum, ya kawo ta a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS): wani falke ya iso tsibirin Rodas da hatsi daga Iskandariya ana tsakiyar yunwa, shi kaɗai ya san akwai wasu jiragen hatsi a bayansa. Zai faɗa farashi ya faɗi, ko zai yi shiru ya sayar da tsada? Masana biyu na Girka suka rabu a kai, ɗaya ya ce shiru daban, ɓoyewa daban, ɗayan ya ce a nan duk ɗaya ne. Mu kuma a namu ɓangaren, duk wanda ya yi zaman karatun Risala ya wuce ta babin ciniki inda aka hana algus da yaudara da ɓoye aibin kaya, kuma ya ji labarin da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa. Amma waɗannan duk a kan mai sayarwa suke. Wanda ya fi kama da halina shi ne hanin da aka yi na tarar ayari a bayan gari a saye kayansu kafin su shigo su ji farashin kasuwa. Mai tarar ayari ba lallai ya furta ƙarya ko ɗaya ba. Rashin sanin baƙo kawai yake ci. Akwai kuma labarin sahabi Jarir ɗan Abdullahi, wanda aka sayo masa doki a kan dirhami 300, ya dubi dokin ya ce wa mai shi ya fi haka, ya yi ta ƙara masa har 800, saboda alkawarin da ya ɗauka na yi wa kowane Musulmi nasiha.

To ina gaskiyar take? Ni a nawa ganin, dattijon Jega yana da gaskiya a rumfarsa. Wanda ya ɗauko kaya ya kawo kasuwa ya san fagen da ya shigo, yana iya zagayawa rumfa biyar ya ji tayi, kuma ba a ɗora wa mai saye ya zama malamin kowa ba. Ribar sani halas ce a tsakanin mutane biyu da kowannensu ya san ciniki ake yi. Amma ni ba a rumfa nake ba. A ɗakinta nake, 'yar'uwar uwata ce ta kawo ni, ta kira ni ɗanta, ta kuma miƙa mini alƙalancin farashin da bakinta. Daga lokacin da ta yi wannan tambaya na tashi daga mai saye na koma amintacce, kuma malaman fiƙihu sun yi magana a kan irin wannan mutum da ya sallama wa abokin cinikinsa ya ce sayar mini ko saya daga gare ni yadda ake yi, sun ce cutar da shi haramun ce. Shirun da zan yi a nan amsa ce, kuma amsar ƙarya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da na jera kwanakin biyu gefe da gefe. A Aliero gaskiya ta rage darajar kayan wani, na faɗe ta da gudu, har ina jin daɗin iyawata. A Maiyama gaskiya za ta ƙara darajar kayan wata a kan aljihuna, sai na soma neman hujjoji daga Rum. Ilimin ɗaya ne, na kwana huɗun nan. Kuma in ka duba, yawancin masu kiran kansu masu faɗar gaskiya komai ɗacinta, da mu masu sharhin fim a ciki, ɗacin a bakin wani yake.

Na koma na gaya mata. Na ce, "Inna, kayan nan naki sun fi kula biyu nesa ba kusa ba," na faɗa mata abin da aka yi mini kuɗin guda ɗaya a Jega, na ce ni ba ni da kuɗin sayen su, sai dai haya. Kada ka zaci daga nan komai ya yi daɗi. Kafin la'asar labari ya kai ga 'ya'yanta maza biyu, waɗanda rabonsu da tuna buhun nan tun suna yara. Ɗaya ya ce a kai Abuja, ɗaya ya ce ai uwarsu ta taɓa cewa na 'yarsa ne, har murya ta soma tashi a tsakar gida, ƙaramin ma ya ciro waya yana neman farashi a intanet, na ga cutar Aliero tana shirin kama shi a gabana. 'Yar'uwar mahaifiyata ta harare ni ta ce da na yi shiru da yanzu kowa na zaune lafiya, tsohuwa ta samu kularta. Ban iya ba ta amsa ba. Darakta ma da na kira shi cewa ya yi an aike ni sayayya na koma wa'azi.

Tsohuwar ce ta kashe maganar. Ta ce ba ta sayarwa, ba ta kuma rabawa tana da rai. Ta ba ni hayar guda biyu na wata ɗaya, da sharaɗin 'yar'uwar mahaifiyata ta tsaya mini, sauran huɗun ta mayar buhu ta tura ƙarƙashin gado. Daga kuɗin hayar aka sayo mata kula ɗaya.

An ɗauki fitowar ɗakin amaryar a Kano bayan sati uku. Da yake kwalla biyu ba sa yin jere, yaron da ke kula da kayan aiki ya sayo sababbi goma sha biyu a kasuwa, ya kwana yana ƙwala musu dutse a baki yana shafa musu ruwan shayi da toka. Ya jera su, ya sa na Maiyama a tsakiya. Da aka haska fitila aka kunna kyamara, na tsaya bayan darakta ina kallon allo, na nemi biyun nan na rasa, sai da na je na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya.